Agogon bibiya da na saya wa Baba: wata 4 muna amfani da shi

Baba yana fama da gigin tsufa, likita ya ce Alzheimer ce. Da aka kwantar da shi a wani asibitin kuɗi saboda ciwon suga, a kwana na uku ƙanena da ke jinyarsa ya ɗan runtsa da asuba, ya farka ya ga gado wayam. Mai gadi ya ga dattijo da carbi, ya ɗauka masallaci za shi, har da yi masa a dawo lafiya. Sai da hantsi wani mai A Daidaita Sahu ya tsince shi wajen Ƙofar Nassarawa, wai zai je buɗe shagonsa na Kantin Kwari, shagon da ya bari shekara 12.

Ranar na wuce Farm Centre, kasuwar wayoyi ta Kano, na sayo agogon GPS, mai nuna inda mutum yake. Ana sa masa layin waya mai rajistar NIN da ɗan data, a haɗa shi da manhaja a wayarka. Sai ka zana da'ira a taswira. Da zarar ya tsallake ta, wayarka ta yi ƙara. Sau biyu ƙarar nan ta tashe mu, sau biyu muka cim masa bai kai titi ba. Wannan kaɗai ya fanshi kuɗina.

Amma mai shagon bai faɗa min cewa a cikin gini agogon makaho ne ba. Da tauraron ɗan Adam yake aiki, sai ya ga sarari. A ɗakin majinyata sai ya koma lalube da turken sabis, ya nuna min Baba a wata unguwa alhali ga shi a gabana yana shan kunu. Dole na faɗaɗa da'irar, in ba haka ba ƙarar ƙarya ta hana kowa barci. A asibitocin Turai da Amurka abin hannu ake ɗaura wa irinsu, wanda ke kulle ƙofa ko ya sanar da nas idan sun matso. Shi ne na cikin gini, ba wannan ba.

Caji kwana ɗaya da rabi yake yi. Maɓallin neman agaji kuwa ado ne, wanda bai san ya ɓata ba ai ba zai danna ba.

Abin da ya fi ba mu wahala alwala ce. Sau biyar a rana Baba zai kwance agogon ya ajiye gefen buta, ya tashi ya bar shi. Hajiya ce ta kawo dabara: ta cire maɗaurin, ta ɗinka masa ƴar jakar fata kamar laya, ta rataya masa a wuya ta cikin riga. Tun daga ranar bai taɓa cirewa ba. Jiya da na zo karɓa zan sa a caji, riƙe hannuna ya yi ya ce, "Kai yaro, ba a taɓa wa manya kayansu."