Wata takwas da promise-polyfill a shafin rajistar ɗalibai

Na gina wa wata makaranta a nan Kano shafin rajistar ɗalibai. A kwamfutata, cikin Chrome, komai lafiya lau. Ranar da na kai aikin, malamin da ke kula da rajista ya buɗe shi a tsohuwar kwamfutar ofis da Internet Explorer 11. Ya cika sunan yaro, ya danna maɓallin ajiyewa, shiru. Ya ƙara dannawa, shiru. Ya waiwayo ya ce, "Injiniya, abin naka fa bai motsa ba." Na danna F12 don ganin saƙonnin kuskure, sai ga jan rubutu: burauzar ba ta san wani abu wai shi Promise ba.

Ba abin mamaki ba ne. Ita ta fito a 2013, Promise kuwa sai 2015 ya shiga ƙa'idar JavaScript, yaren da ke motsa shafukan intanet, kuma ba a taɓa ƙara mata shi ba. An yi mata ritaya a 2022, amma ma'aikatan ofishin da ita suka saba, kuma ba ni da hurumin sauya musu kwamfutoci shida.

Ga wanda bai saba ba, Promise kamar kai ɗinki wajen tela ne. Ka ba shi yadi, ya yi maka alkawari, ka tafi sabgoginka ba tare da ka tsaya a kansa ba. Daga baya ko dai ka karɓi riga, ko a ce maka an samu matsala. Abin da za a yi in riga ta fito ana rubuta shi a then, na matsala kuma a catch. Shafina yana da matakai huɗu masu jiran amsa daga saba, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanan shafin: a duba lambar ɗalibi, a ajiye bayanansa, a ɗora hoto, a fitar da rasit. Da na koma tsohon salo, da sai in cusa kowane mataki cikin cikin ɗan'uwansa, kowanne da nasa binciken kuskure. Na taɓa gadon irin wannan aikin daga hannun wani, na san wahalar warware shi.

Sai na ɗauko promise-polyfill, wata 'yar manhaja da ke sa wa burauza Promise in ba ta da shi, layi ɗaya a saman shafi. In an matse shi ba shi da nauyi ko kaɗan, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga iyayen da ke buɗe shafin a waya da datar da suka saya da ƙyar. In burauza tana da nata Promise, ba ya maye gurbinsa. Na duba Bluebird ma, wata manhajar Promise ta daban, yana da kayan aiki masu yawa, sai dai ban buƙaci ko rabinsu ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne gargaɗin da yake bugawa in alkawari ya karye ba a tare shi ba. Ta nan na gano cewa in sabis ya ɗauke ana tsakiyar ɗora hoto, shafin yana yin gum, malami yana zaton an ajiye. Na mance catch ne a wurin. Yanzu saƙo yana fitowa ɓaro-ɓaro a sake gwadawa.

Kada dai a ɗora masa abin da bai ce zai yi ba. Ba ya kawo fetch, umarnin da shafi ke neman bayani daga saba da shi, wannan sai an nemo daban. Sabon salon rubutu irin su async da await sai an bi da su ta Babel, manhajar da ke mayar da sabon salo zuwa tsoho, kafin tsohuwar burauza ta gane. Kuma da yake da umarnin jinkirta aiki na setImmediate ko setTimeout yake jera ayyukansa, wani lokaci jerin yakan ɗan bambanta da na Promise na asali.

A zangon da ya wuce, da waɗancan kwamfutoci shida aka yi rajistar kowane aji, kuma malamin bai sake kirana kan maɓallin ajiyewa ba.