Shagon dukawa a Gusau da ke raɗa wa takalmansa suna

A cikin shagunan dukawa na Gusau akwai wani ƙarami wanda kowane samfurin takalmi da ake ɗinkawa a cikinsa yake da sunansa, kuma duka sunayen daga daji, duwatsu da lokutan shekara aka ɗauko su. Mai shagon dattijo ne da ya gaji dukanci, yana aiki da yara uku, kuma an rubuta sunayen a ƙananan kwalaye da aka jera a gaban kowane samfuri: Bagaruwa, Kwatarkwashi, Barewa da Marka.

Wannan ɗabi'a ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, domin shi ne yake kiran yarinyar da aka haifa a tsakiyar damina Marka, yaron da ya zo ana tsaka da ruwan sama Anaruwa, wanda aka haifa lokacin noma kuwa Nomau. Irin wannan suna labari ne da yake faɗin gaskiya game da mai shi, saboda haka ma'aunin da na auna takalman shagon da shi ke nan: shin sunan ya faɗi gaskiyar takalmin?

Bagaruwa ya cika wannan sharaɗi fiye da sauran. Takalmi ne buɗaɗɗe na maza da aka yi da fatar akuya wadda majema suka jeme da 'ya'yan bagaruwa, aka rina ta ja da karan dafi, kuma tun kafin mutum ya ɗauke shi ƙanshin jima yake fara tarbarsa. Fatar jar akuya ta wannan yanki tana da tsohon suna a duniya, domin ita ce ayari ya riƙa ketarawa da ita Sahara zuwa Arewacin Afirka, har Turawa suka san ta da fatar Maroko alhali daga ƙasar Hausa ta fito. Da na juya takalmin ina duba ɗinkinsa, wanda yake a jere kuma an ɓoye ƙullin zaren a ƙarƙashin maɗauri don kada ya ci ƙafa, sai dattijon ya ce: "Malam, lanƙwasa shi yadda kake so, fatar da ta sha bagaruwa ta ƙoshi ba ta tsagewa." Na lanƙwasa shi biyu, ya koma yadda yake ba tare da ya bar layi ba. A kwanakin farko yana ɗan matse bayan ƙafa, daga baya fatar ta saki ta ɗauki siffar ƙafar mai ita.

Kwatarkwashi kuwa an sa masa sunan dutsen nan da ke ƙaramar hukumar Bunguɗu, wanda matafiyi yake hangowa a kan hanyar Gusau zuwa Funtuwa. Ƙasansa tsohuwar tayar mota ce, samansa fatar saniya mai kauri, kuma ƙaya ba ta ratsa shi. Yana da nauyi ƙwarai, amma manomi ko makiyayin da ya ji sunan ya riga ya san abin da zai saya. Barewa na mata ne, marar nauyi, kuma ba ni da ƙorafi a kansa.

Inda na saɓa wa mai shagon shi ne Marka. Baƙin takalmi ne sau-ciki mai kyawun gani, kuma bayaninsa shi ne launin ya yi kama da hadarin watan Agusta. Sai dai duk wanda ya ji Marka ruwa ne zai faɗo masa a rai, ya ɗauka takalmin damina ne, alhali fatar da aka jeme da bagaruwa tana shan ruwa, idan kuma ta bushe a rana sai ta sandare. Nawa ya jiƙe a ruwan sama, ya bar mini baƙin rini a diddige, ya kuma buƙaci a shafa masa mai kafin ya yi laushi. Da an kira shi Ɗinya, da sunan ya faɗi launin ba tare da ya yi alkawarin da fatar ba za ta iya cikawa ba.

Manyan kamfanoni ma suna aron sunaye daga daji: Puma, wanda aka kafa a Jamus a 1948, sunan wata dabba ce dangin damisa ta nahiyar Amurka, Reebok da aka kafa a Ingila kuma ya samo nasa a 1958 daga wata dabba dangin barewa ta Afirka ta Kudu. Matasanmu suna sa su ba tare da sun taɓa ganin dabbobin ba, don haka babu mai tuhumar sunan. Baduku a Gusau ba shi da wannan sauƙi, domin mai sayensa ya san bagaruwa, ya san marka, zai kuma riƙe shi da abin da ya faɗa.

Ta fuskar mu'amala, ana zana ƙafar mutum a kan kwali a ajiye awonsa, kuma ana gyara ɗinkin da ya warware ba tare da jayayya ba. Farashin ya fi na silifas ɗin roba nesa, amma ƙarkonsa ya biya kuɗin. Aiki yakan yi jinkiri idan Sallah ta ƙarato, saboda haka mai son Bagaruwa don Idi ya kai awonsa tun kafin azumi ya kama.