Shirin jagoranci ga ɗaliban PGDE a Sakkwato: inda ya yi ƙarfi da inda ya gaza

Yawancin masu karatun diflomar koyarwa ta gaba da digiri, wato PGDE, ba da niyyar malanta suka shiga jami'a ba. Wani kimiyyar sinadarai ya karanta, wata tattalin arziki, wani Larabci. An gama bautar ƙasa, an duba gari, aikin da ƙofarsa take buɗe shi ne na aji, sai aka koma Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko cibiyar karatu ta NTI, wato Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, domin a samo takardar. Kwas ɗin yana ba da falsafar ilimi da nazarin halayyar yara da dabarun auna fahimta. Amma tsayuwa gaban yara saba'in da tsakar rana a watan Afrilu, fanka ba ta juyawa, wani ilimi ne daban, kuma shi ne wannan shiri ya ce zai koyar.

Wasu tsofaffin shugabannin sakandare da sufetoci masu ritaya ne ke gudanar da shi, tare da malamai mata biyu da har yanzu suke bakin aiki. Ana zama ranar Asabar daga ƙarfe 8 na safe zuwa 12 na rana, tsawon mako 8, a azuzuwan wata makarantar kuɗi da ke cikin gari. Kowane jagora yana riƙe da ɗalibai 6. Hukuncinmu a taƙaice: ga wanda zai shiga ajin sakandare, shirin ya ci kuɗinsa. Mai digiri na biyu da ke hangen koyarwa a jami'a ko aikin ƙungiyoyin raya ilimi kuwa, kaɗan zai tsinta.

Makonni biyun farko na takardu ne. Ana sa kowa ya baje nasa a kan tebur: sakamakon WAEC ko NECO, shaidar digiri, takardar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa, shaidar ƙaramar hukuma, takardar haihuwa, da lambar NIN. Jagora yana bin suna harafi bayan harafi. A nan ake gano cewa mutum Muhammadu ne a firamare, Mohammed a sakandare, Muhammad a jami'a, ko kuma shekarar haihuwar da ke NIN ta saɓa da ta banki. Irin wannan saɓani shi ke tsayar da mutum ranar tantancewa, ko ya riƙe albashin farko watanni. Gyaransa rantsuwa ce a kotu, da sanarwa a jarida idan sauyin suna ne, sannan a je ofishin NIMC a daidaita. Abu ne mai cin lokaci, shi ya sa fara shi tun ana karatu ya fi a bari sai an kira ganawa.

Daga nan sai rajistar malanta. Hukumar rajistar malamai ta ƙasa, wato TRCN, wadda aka kafa da doka ta 31 ta shekarar 1993, ita ke ba da shaidar ƙwarewa da lasisi, kuma tun 2017 sai an zauna jarrabawarta a kwamfuta. Ta kasa malamai rukuni huɗu: A ga masu digirin digirgir, B ga masu digiri na biyu, C ga masu digirin farko a fannin ilimi ko wani digiri haɗe da PGDE, D ga masu NCE. Lasisin ana sabunta shi duk shekara 3. Shirin yana bayyana wannan sarai, yana kuma sa ɗalibai gwaji a kwamfuta da agogo a gabansu, abin da ke taimaka wa manya da suka daɗe da barin zauren jarrabawa. Sai dai tsofaffin tambayoyin da ake rabawa kwafin kwafi ne, wasu shafuka sun dushe, kuma akwai amsoshin da aka yi wa alama ba daidai ba. Kada a haddace su. A duba kowace amsa da littafin kwas.

Zuciyar shirin tana mako na uku zuwa na shida, kuma a nan ne ya bambanta da taron ƙara wa juna sani da ake zama a saurari jawabi a karɓi takarda. Kowane ɗalibi yana koyar da darasi na minti 10, sauran biyar suna zaune a matsayin yara, ɗaya na ɗauka da waya. Sai a kunna bidiyon nan take, jagora yana tsayar da shi duk inda ya ga abin gyara. Mutum zai ga kansa ya ba aji baya minti huɗu cur yana magana da allo. Zai ji muryarsa tana raguwa a ƙarshen kowace jimla. Zai ga idonsa bai taɓa barin layin gaba ba. Tsohon sufeton da ɗalibai ke kira Baba ba ya tsawa. Yakan tashi ya koma kujerar ƙarshe ta kusurwa, ya ce, "Malam, daga nan ban ga abin da ka rubuta ba, ban kuma ji ka ba." Ɗalibi ya ce, "To, Baba, a sake?" A sake. Sai an ji daga kusurwar nan ake wucewa.

Tsarin darasi ma ana yi masa fida. Duk wanda ya rubuta manufarsa da cewa ɗalibai za su "fahimci" abu, ana mayar masa da takardarsa, domin fahimta ba a ganin ta da ido. Ana son aikin da za a iya aunawa: su lissafa, su bambanta, su zana, su warware. Idan manufa uku ce, tambayoyin ƙarshen darasi su zama uku, kowace tana auna manufa ɗaya. Rabon minti 40 da suke koyarwa shi ne 5 na tuna darasin baya, 5 na gabatarwa, 20 na gundarin bayani, 7 na tambayoyi, 3 na aikin gida. Abin da ke rusa wannan rabo sananne ne: sabon malami yana fara kwafe rubutu a allo, yara na kwafa, kafin ya ankara minti 25 sun tafi, ƙararrawa ta kaɗa ba a yi tambaya ko ɗaya ba. Maganin da suke bayarwa shi ne a raba allo gida uku, hagu na take da sababbin kalmomi, tsakiya na aiki da misali, dama na taƙaitaccen rubutun da za a kwafa, kuma kada a taɓa ɓangaren dama sai bayani ya kammala.

Sun kuma haramta tambayar "Kun gane?", saboda amsarta kullum "Eh" ce da murya ɗaya, ko da rabin aji ya ɓace. A jefa tambaya tukuna, a yi shiru na daƙiƙa biyar, sannan a kira suna. Idan aka kira suna kafin tambaya, sauran sittin da tara sun huta.

Batun harshe shi ne wurin da muka fi yaba musu, domin ba su yi kamar matsalar ba ta nan. Yaron da ya shigo aji ɗaya na babbar sakandare daga ƙauye sau da yawa Turancinsa bai kai ya bi darasin kimiyya ba, jarrabawar WAEC da NECO kuwa da Turanci zai rubuta. Malamin da ya tsaya kan Turanci zalla ya bar yaron a baya, wanda ya koma Hausa zalla ya kai shi zauren jarrabawa hannu rabbana. Hanyar da suke horarwa a kai mataki huɗu ce: a rubuta kalmar da Turanci, a warware ma'anarta da Hausa da misalin abin da yaro ya sani, kamar rijiyar gida ko injin ban ruwa na fadama, a maimaita bayanin da Turanci mai sauƙi, sannan yaro ya rubuta jimla guda da kansa. Mataki na huɗun shi ake yawan tsallakewa, kuma shi ne mai amfanin.

Akwai lissafin da suke sa kowa ya yi da hannunsa. Aji 4, kowane yara 70, littafi 280 ke nan. Idan kowane ya ci minti 2, an haura awa 9 a kan aikin gida guda. Malamin da bai yi wannan lissafi ba yakan ba da aiki mai yawa a makon farko, ya kasa dubawa, yara su gane, su daina yi. Shawararsu ita ce tambayoyi 5 gajeru, yara su yi musayar littafi a duba tare a aji, malami ya ɗauki na layi ɗaya kowane mako ya duba da kansa. Rajistar halarta da littafin da ake rubuta abin da aka koyar kowane mako da takardar makin gwaji, duk ana nuna yadda ake cika su a zama ɗaya, kuma ya wadatar.

Mako na bakwai na ƙofofin aiki ne. Suna bambanta SUBEB, mai kula da ilimin bai ɗaya a ƙarƙashin dokar 2004, da hukumar ɗaukar malaman sakandare ta jiha, da hukumar ilimin Larabci da addinin Musulunci, da kuma makarantun tarayya irin su Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato da ta 'yan mata da ke Tambuwal, waɗanda ɗaukar aikinsu daga Abuja yake zuwa. Mai digirin farko yakan fara a matakin albashi na 8. Suna faɗin gaskiya kan inda ake tura sababbin malamai: jihar tana da ƙananan hukumomi 23, kuma gurabe sun fi yawa a nesa da birni, ba a Mabera ko Runjin Sambo ba. Ana tattauna masauki da sufuri da halin tsaro a gabashin jihar ba tare da rufa-rufa ba. Ana kuma ambatar dokar tarayya ta 2022 da ta mayar da ritayar malamai shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki.

Makarantun kuɗi, inda yawancin ɗaliban za su fara, awa ɗaya kacal aka ba su, kuma wannan gazawa ce. Ya kamata a koya wa mutum ya nemi takardar ɗauka a rubuce, ya tambayi yawan darussan mako, ya ji ko ana biyan albashin hutun dogon zango, ya san wa ke sayen alli da maka. Ya kamata ya san cewa mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, don haka ciniki ne tsakaninsa da mai makaranta. Samfurin CV da ake rabawa ma tsohon yayi ne, shafi biyar. Shafi biyu sun isa, da lambar TRCN da darussan da mutum ke iya koyarwa a saman shafin farko.

Masu digiri na biyu su ne shirin ya fi bari a baya. Jagororin a sakandare suka yi rayuwarsu, ba su da abin cewa mai zurfi kan yadda ake mayar da kundin bincike maƙala, ko yadda ake gane mujallar da kuɗi kawai take karɓa ta buga komai, ko cewa tallafin karatu na TETFund na ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne, ba na mai neman aiki ba. Haka nan aikin ƙungiyoyi. Sakkwato ta ga shirin NEI Plus da ya kawo littattafan Mu Karanta a firamare, UNICEF kuma tana da ofishi a garin. Irin waɗannan wurare suna neman wanda ya iya Excel, ya iya tattara bayanai da waya, ya iya rubuta rahoto shafi biyu. Ko ɗaya ba a taɓo ba.

Jagorori mata biyu sun yi kaɗan, ga shi mata suna da yawa a cikin masu PGDE, kuma tambayoyinsu kan goyo da hutun haihuwa da neman sauyin wurin aiki saboda aure sun fi fitowa a gaban mace. A garin da Nana Asma'u ta tsara jajis suna fita ƙauyuka koyar da mata tun ƙarni na 19, ba a rasa tsofaffin malamai mata da za a gayyato ba.

Bayan an gama ana buɗe zauren WhatsApp. Makonnin farko yana da amfani, daga baya sai tallan guraben aiki marasa tushe su cika shi. Duk sanarwar da ta ce a tura kuɗi domin takardar ɗauka, damfara ce. Alƙawarin cewa jagora zai kira ɗalibinsa a zangon farko na aiki ya danganta da jagoran: wasu suna kira har su ziyarci aji, wasu shiru.

Kafin a biya, a tambayi sau nawa za a tsaya a koyar a gaban jagora, kuma mutum nawa ne a rukuni. Idan sun haura 8, minti 10 na kowa ba zai samu ba. Lokacin da ya fi dacewa a shiga shi ne kafin fita koyarwar gwaji, domin a tafi makaranta da gyaran a hannu. A zo da manhajar darasin da za a koyar, da littafin da makarantun jiha ke amfani da shi, da ruwan sha, da waya mai caji da sarari, saboda wutar wurin ba ta da tabbas kuma bidiyon kowane mako a wayar ɗalibi ake ajiye shi.