Kwaɓin fulawa: a zuba wa yis sukari ko a bar shi da fulawa?

Masu suyar fanke a Damagaram suna yawan tambayata wanne ya fi. Yis ba abin da yake so kamar gulukos, wani nau'in sukari mai sauƙin ci gare shi. Muddin yana samu, wani furotin na jikinsa mai suna Mig1 yana kulle ƙwayoyin gadon MAL, waɗanda da su yake cin maltos, sukarin da ke fitowa daga sitacin fulawa. In aka zuba sukari, yis yakan fasa shi zuwa gulukos da wani nau'in sukari, furuktos, kwaɓi ya kumbura da wuri. Sai dai kuɗi ne, kuma in ya yi yawa yana zuƙe ruwan jikin yis.

In babu sukari, wani furotin mai suna Snf1 ke kawar da Mig1, sai yis ya koma cin maltos. Tashin yana ɗaukar lokaci, amma ƙamshin ya fi.

Mai sammakon kasuwar Dole ta Damagaram, zuba kaɗan. Mai burodin da kwaɓinsa ke kwana, fulawa ta ishe shi.