Ranar da likita ta hana a ƙara wa Kawu ruwa a Kumasi

'Yan uwa na gida, ina so ku ji yadda ciwon Kawu ya kasance, domin abin bai bar raina ba. Ya iso Kumasi a motar albasa bayan kwanaki yana zaune a takure, ƙafarsa ta hagu a kumbure. Washegari a masaukinmu na Aboabo numfashi ya gagare shi, jijiyoyin wuyansa suka tashi, muka garzaya da shi asibiti.

Da aka ce jininsa ya sauka ƙwarai, sai na roƙi likita ta ƙara masa ruwa kamar yadda muka saba, amma ta ƙi. Ta jawo na'urar hoton zuciya har bakin gado, ta nuna mini ɓangaren dama na zuciyarsa ya buɗe ya cika tam. Ta ce shi ne mai tura jini zuwa huhu, namansa kuwa ba shi da kauri. Gudan jini ya taso daga ƙafa ya toshe masa hanya, saboda haka idan aka yi ta ɗura ruwa leda bayan leda zai ƙara kumbura, ya danne ɓangaren hagu, jinin ya ƙara faɗuwa. Suka sa masa iskar oksijin, da heparin mai hana jini daskarewa, da noradirenalin ɗigo-ɗigo domin riƙe jinin. Na'urar numfashi ma sun yi ta kauce mata, domin matsin iskarta yana ƙara wa zuciyar dama nauyi.

Wallahi na ji kunya. A wurinmu ko jiri mutum ya yi, mai kemis zai rataya masa ruwa, mu kuma muna auna ƙwarewar likita da yawan ledar da ya rataya. Mutum nawa muka shaƙe da hannunmu muna cewa jinya ce?

Wahala kuwa na sha ta. Gana tana da inshorar lafiya tun 2003, amma Kawu baƙo ne, ba shi da kati, ko wane magani da sidi, kuɗin Gana, na saya, har tsakar dare ina yawon nema. Ma'aikata suna ta Tonanci, yaren mutanen Kumasi, a kaina, ganinsa kuma sai mutum ɗaya, na 'yan mintuna. A barandar nan na yi kewar tabarmar dangi da kunun Inna.

An sallame shi, zai yi watanni yana shan maganin tsinka jini. Idan ya dawo gida ya ce numfashi, ku kai shi inda ake hoton zuciya, kada kowa ya rataya masa ruwa.