Sin ko Indiya: ina za a saro kaya?

Ƴan kasuwar Katako da Wadata a Yamai sun yawaita tambaya: tunda Indiya ta zarce Sin yawan jama'a a 2023, kuma tattalin arzikinta na saurin haɓaka, ba gara a koma can ba?

Yawan jama'a ba ya cika kwantena. A farashi da yawan zaɓi Sin ce gaba: a biranen Guangzhou da Yiwu za ka samu wayoyi, takalma, fitilun sola har da makullai, kowane da daraja hawa-hawa. Haɗarin ma nan yake. Samfurin da aka nuna maka daban, wanda ya sauka Yamai daban, sai abokin ciniki ya dawo da caja a hannu yana huci.

Indiya kayanta ba su kai haka yawa ba, amma inda ta kafa ƙafa ta kafu: magunguna, shinkafa, baburan Bajaj da TVS masu jure hanyar ƙauye. Sai dai gwamnatinta kan rufe ƙofa ba zato. A Yulin 2023 ta hana fitar da farar shinkafa wadda ba basmati (mai ƙamshi) ba, ba ta sassauta ba sai Satumban 2024. Shigo da magani kuwa sai da izinin hukuma.

Hanya duk ɗaya ce: jirgin ruwa, Lome, Burkina, duwan.

Mai ƙaramin jari da ke son kaya iri-iri masu saurin fita, Sin ta fi masa. Mai jari da haƙuri, da ya tsaya kan haja guda, ya duba Indiya.