Harawa ko tsaki: wanne ya fi ba saniyar tatsa biyotin?

Ɗan'uwa, ka ce tun da ka ƙara wa shanunka masu jinin Firisiyan tsakin masara da dusa madara ta ƙaru, amma biyu sun fara ɗingishi, kashinsu ya yi ruwa, mai sayar da magani kuma ya ce ka sayi biyotin, wato wani nau'in bitamin B. Kafin ka zare kuɗi, mu leƙa tumbi, don can ake ƙera biyotin ɗin. Ƙananan halittun da ke zaune a ciki su ke yi wa saniya shi, da shi hantarta ke haɗa sukari, da shi kofato ke yin ƙwari.

Saniyar da ta ƙoshi da harawa da ciyawa takan yi awa 7 zuwa 8 tana tuƙa a rana. Tuƙar nan ce ke kawo yawu, fiye da lita 100, mai ɗauke da sinadarin da ke kashe tsami. Sai ma'aunin tsamin tumbi (wanda lambarsa ke sauka idan tsami ya ƙaru) ya tsaya sama da 6, inda ƙwayoyin da ke narkar da ciyawa suke jin daɗin aiki (su ma kansu biyotin suke buƙata). Za ka gane ta: ta kwanta, ido a lumshe, muƙamuƙi na juyawa, kashinta ya faɗi ya taru wuri guda. Aibinta ɗaya, harawa kaɗai ba za ta riƙe saniya mai ba da madara lita 20 a rana ba, ramewa za ta yi.

Mai cin tsaki kuwa haɗiya take yi, tuƙa kaɗan, yawu kaɗan. Hatsi na rugujewa da sauri, tsami ya yi yawa, ma'aunin ya sauka ƙasa da 5.8, masu narkar da ciyawa su yi sanyi. A gwajin ɗakin bincike, da aka mayar da mafi yawan abincin hatsi, biyotin da ƙwayoyin ke samarwa ya ragu da kusan rabi. Ga shi kuma ita ce ta fi buƙatarsa, tunda ita ake tatsa da yawa. Kashi mai kumfa da ƙwayar masara a ciki, madarar da maiƙonta ya ragu, duk daga nan ne.

Ni dai harawa zan sa gaba. Kada ciyawa da harawa su gaza rabin abincinta idan an auna shi a bushe, a fara ba ta su da safe, tsakin a raba shi kashi 2 ko 3, ƙarin tsakin kuma a yi shi sannu a hankali cikin mako 2 zuwa 3.

Biyotin na sayarwa yana da amfani ga masu madara da yawa, miligiram 20 a rana ga kowace saniya, amma ba ya kashe tsamin tumbi. Kofato kuma milimita 5 kawai yake tsirowa a wata, sai ka yi watanni kana bayarwa kafin ka ga canji. Masu ɗingishin nan biyu, ka kira likitan dabbobi ya ɗaga ƙafafunsu ya duba cikin makon nan.